Yadda Badamasi Ya Ɗinke Ɗan Bargo

Idan ka shigo unguwar New Bell a Duwala ta layin masu nama ka tambayi gidan Direkta, kowa zai nuna maka, amma sai ya gama dariya tukuna. Sunansa na yanka Badamasi. Shi ya naɗa wa kansa Direkta, kuma har gobe babu wanda ya taɓa ganin ma'aikatar da yake shugabanta. Ya yi kiwon tarwaɗa a cikin mataccen firji, ruwan sama ɗaya ya kwashe su suka bi kwata. Ya buɗe makarantar koyon tuƙi alhali ko keke bai mallaka ba. Ya taɓa haɗa turaren da ya ce zai kori na Dubai daga kasuwa, sai ga shi mutanen gidansu kawai ya kora. Kuma duk abin da ya rushe masa, dalili ɗaya yake kawowa, wai rashin wuri.

"A ba ni bango huɗu da ƙofa kawai," haka yake cewa kullum a teburin Sali mai tsire, yana tsintar albasa a takardar mutane. "Ku ga yadda Duwala za ta durƙusa."

Ana nan sai bango huɗu da ƙofa suka samu. Telan da ke zaune a ɗakin bakin titi na gidan Tsohuwa ya tattara kekensa ya koma Sodiko. Tsohuwa goggon Badamasi ce, yayar mahaifinsa, ita ce mai gidan, kuma mabuɗin ɗakin yana ƙulle a bakin zaninta. Ɗaki ne mai kyau, da daɓen siminti da dakali mai tsayi wanda ambaliya ba ta hawa, ga ƙofarsa tana kallon hanyar da kowa ke bi.

Ba shi kaɗai ke son ɗakin ba. Akwai Rakiyatu, 'yar ƙanwar Tsohuwa, wato taubashiyar Badamasi, wadda ba ta taɓa raga masa ba tun suna yara. Ita makala take soyawa, fanken nan namu na Duwala, a bakin kwata ƙarƙashin wani guntun kwano. Wanda ya san ruwan garin nan ya san abin da take sha. Sau nawa ruwa ke kashe mata wuta, ta tsaya tsamo-tsamo riƙe da kasko, ga ƙullu ya kumbura, ga 'ya'yanta suna jiran abin kai wa baki.

Tsohuwa ta tara su a tsakar gida ta ce kowa ya faɗi abin da zai yi da ɗakin.

"Inna, murhu zan sa, in huta da ruwa," in ji Rakiyatu.

Badamasi ya miƙe ya gyara wuyan kwat ɗin da yake sawa ko ana zafin da ke narka kwalta. "Goggo, ni ba ciki zan ciyar ba, ƙwaƙwalwa zan ciyar. Bibliyotek zan buɗe. Ɗakin karatu."

"Da waɗanne littattafan?" in ji Rakiyatu. "Kai da ko kalanda babu a ɗakinka."

"Littafi ɗaya ya isa, in dai na gaske ne."

Ga abin da ya shiga kansa. Akwai ƙananan littattafan zane na Faransanci da muke kira bede, masu labarin jaruman da ke tashi sama, su ɗaga mota da hannu ɗaya. Wanda ya fi farin jini a unguwarmu tun muna yara shi ne wani ƙato mai koren kamfai a saman wando, da ƙyalle rataye a wuya. Ba mu taɓa wahalar da harshenmu da sunansa na Nasara ba, Ɗan Bargo muke ce masa. Labarinsa guntu-guntu yake fitowa, bana ka samu wannan, baɗi ka ci karo da wancan. To, Badamasi ya leƙa tagar wani kantin littattafai a unguwar Akwa, ya ga an haɗa irin waɗannan a kundi guda mai kauri. Bai buɗe ba, don a naɗe yake cikin leda. Kaurin kawai ya gani, ya dawo gida da ilimi.

"Duk tarihin Ɗan Bargo, daga haihuwa har ƙarshe, a cikin bango ɗaya," ya ce. "Yara za su ajiye waya. Manya za su yi layi. Har daga Yawunde za a zo gani, c'est moi qui vous le dis, ni na faɗa muku!"

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ban yi lekol ba, bokon nan naku, amma na san labari in na ji shi. Je ka haɗa. Lahadin sama, bayan la'asar, ka karanta mini a ƙofar gida kowa yana ji. In na tashi na san yadda aka fara da yadda aka ƙare, ɗaki naka ne. In ka bar ni a rataye, na Rakiyatu ne."

"Goggo, ki fara sassauta ƙullin mabuɗin, kada ya ba ki wuya ranar."

"Bar shi a ƙulle, Inna," in ji Rakiyatu. "Mutumin da ko tarwaɗa ba ta yarda ta zauna da shi ba."

Wanda ya fi kowa tarin bede a unguwa shi ne Abdulsalami mai bensikin, wato ɗan acaɓa. Mutum ne mai furfura a gemu, amma da an ambaci Ɗan Bargo sai ya koma ɗan lekol. Tun yana yaro yake tara su, kowanne a cikin ledarsa, a wani akwatin ƙarfe da yake ɗorawa saman kwaba saboda ambaliya. Matarsa ma ba ta isa ta taɓa ba. Badamasi ya yi ta masa zarya, safe da yamma, yana zuba masa romon baka.

"Mon frère, ɗan'uwana, sunanka zai shiga tarihi. Zan dawo maka da su sun fi yadda suke."

"Direkta, ba su cika ba fa. Akwai giɓi da yawa. Na ƙarshen ma ban taɓa samunsa ba."

"Giɓi aikina ne. Akwai lungun da ban sani ba a Duwala?"

"Kada ka lanƙwasa mini ko kusurwa ɗaya."

"Lanƙwasawa? Sai na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa."

Abdulsalami ya sauko da akwatin yana waiwaye kamar mai kai 'yarsa ɗakin miji. Ni dai da na ga an miƙa, na san aikin gama ya gama.

Cike giɓi kuwa bai ba Badamasi wahala ba, don ƙa'idarsa ɗaya ce: in dai akwai mai ƙyalle a wuya, to Ɗan Bargo ne. Ya je wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a kasuwar Dakar ta nan Duwala ya tsinto mai baƙin ƙyalle, da mai shuɗi, da wani da kansa ke cin wuta. Ya ƙwace wasu shafuka daga hannun mai gyaɗa tana shirin ƙunshi da su. Duk inda ya ga takarda mai zane, ko a jikin bango ne, sai ya ɓanɓaro ya cusa a jaka. Bai tsaya karanta ko ɗaya ba. Ya ce karatu na masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, shi da kallo ɗaya yake gane labari.

A teburin Sali ya yi ɗinkin, da safe kafin a hura wuta. Sali Bafillacen Garwa ne, mai sanyin baki, ba ya cika magana sai ta kama. Yana yankan albasa yana kallon ikon Allah.

Badamasi ya fara jera su bisa lambar da ke jikin bangon kowanne, ba ruwansa da cewa na ukun wannan jarumi ba shi ne ke bin na biyun wancan ba. Sai kuma ya zo kan babbar ƙwarewarsa. Shi lekol ɗinsa bai yi nisa ba, Faransancinsa na bakin titi ne. Littattafan da ya taɓa riƙewa da gaske su ne na makarantar Malam, masu buɗewa daga dama. Don haka a wurinsa duk littafin kirki daga dama yake farawa. Ya ajiye na farko a dama, na ƙarshe a hagu, ya danne da gwiwa.

"Direkta," in ji Sali, "na ga 'yan lekol ta hagu suke buɗe nasu."

"Ƙananan littattafai ke nan. Babban littafi mai mutunci ta dama ake shigarsa. Ka taɓa ganin malami ya buɗe littafi ta hagu?"

Sali ya ce bai taɓa ba, ya ci gaba da albasarsa.

Daga nan Badamasi ya bi bangayen ɗaya bayan ɗaya yana yagewa, fyat, fyat, wai kundi ɗaya bango ɗaya. Bangayen da Abdulsalami ya yi shekaru yana shafawa, su aka hura wutar tsire da su ranar. Ya dama kokon rogo cikin kwano ya laɓta wa gindin takardun, ya ga bai yi ba ya ƙara, ya sake ƙarawa har yana tsiyaya ta gefe. Ya kai ƙarƙashin gado ya ajiye ya bushe. A Duwala, da damina! Riga ma ba ta bushewa, balle koko. Da ya jawo shi bayan kwanaki sai ya tarar ya yi gemun funfuna, kyankyasan unguwa kuma sun yi walima a kansa.

"Ƙaramar matsala," ya ce. Ya ɗauko ya ɗora a gefen wutar Sali ya gasa shi wuni guda yana juyawa. Ya bushe kam, amma ya sha mai da yaji har karnuka suka fara bin Badamasi.

Da ya ga kokon ba zai riƙe ba sai ya aro basilla wajen mai gyaran takalmi, ya samo zaren kamun kifi, ya huda can ciki nesa da baki don wai ya yi ƙwari, ya ɗaure tamau. Saura abu ɗaya ya dame shi. Littattafan ba girmansu ɗaya ba, wani dogo wani gajere, baki ya fito zaƙo-zaƙo. Ya karɓi wuƙar Sali ya wasa, ya daidaita su duka da tsawon mafi ƙanƙanta. Kawunan jarumai da rabin maganganunsu da lambobin shafi suka zube ƙasa, Sali ya haɗa da ɓawon albasa ya share. Aka yi masa bango da ledar tsohuwar kujerar mota.

Rakiyatu ta zo wucewa da bokitin ƙullu a ka. "Direkta, tubali ka koma bugawa?"

"Wuce, ba layinki ba ne. Wannan al'ada ce, la culture."

Ta shinshina. "Ƙamshinsa dai ya fi na turarenka."

Ranar Lahadi tun azahar ya fara shela. Ya aro amsa-kuwa wajen mai tallan maganin basir, ya bi layi-layi yana gayyata. Ya kwaso bencunan mai shayi ya jera a ƙofar gidan. Kafin a idar da la'asar wuri ya cika, har da 'yan dakon kasuwar Mboppi da ke hutun Lahadi, da matan da suka leƙo ta katanga. Ba son karatu ya kawo su ba, kowa ya san in Direkta ya yi gayya ba a komawa gida ba dariya. Aka shimfiɗa wa Tsohuwa tabarma a kan dakalin ɗakin. Rakiyatu ta zauna gefenta ta harɗe hannu. Can sai ga Badamasi ya fito daga zaure, kwat a jiki, labulen ɗakinsa ɗaure a wuya, kundi a kafaɗa kamar buhun siminti.

"Jama'a, yau New Bell ta shiga sahun manyan birane!"

"Zauna ka karanta," in ji Tsohuwa. "Hadari na haɗuwa."

Ya yi gyaran murya ya buɗe ta dama. Shafin farko, ga Ɗan Bargo ɗaure da sarƙa a kan layin dogo, jirgi ya taho gadan-gadan.

"Ikon Allah," in ji Tsohuwa. "Daga farawa? Wa ya ɗaure shi?"

"Haƙuri, Goggo. Salon Nasara ne."

Ya juya. Ga wasu ƙarti suna kokawar kama Ɗan Bargo. Ya sake juyawa, ga shi yana tafiya a titi lafiyarsa lau. Ya ƙara juyawa, ga shi a gida yana shan shayi.

"To jirgin fa?"

"Jirgin... ya fasa zuwa."

"Su kuma suka kwance shi suka ba shi shayi?"

"Baya-baya kake karantawa!" Muryar Abdulsalami ce daga bayan taro. Yanzu ya iso, ko mashin bai kashe ba. "Ta hagu ake buɗewa! Kai, tsaya. Mene ne wannan a hannunka? Ina littattafaina?"

"Ga su nan, mon frère, sun samu ƙarin girma." Badamasi ya juya ga jama'a yana murmushin borin kunya. "Na sani sarai. Gwada ku nake in ga masu bin labari."

Ya kifa kundin ya buɗe ta hagu. To amma da yake ya jera su ta dama, na ƙarshe ne ya koma na farko. Shafin da ya fito, mutane ne sanye da baƙaƙen kaya a maƙabarta, ga akwatin gawa, ga ƙyallen Ɗan Bargo shimfiɗe a kai. Badamasi ya ga dama ta samu. Ya karya murya ya shiga jero makoki, yana haɗa harafi da kyar yana cike sauran da abin da ya zo bakinsa. Wallahi sai ga Tsohuwa tana goge ido da gefen mayafi.

"Allah sarki, bawan Allah. Ashe jirgin ya dawo ya taka shi. Yana da iyali?"

Badamasi ya yi gaba. Bayan wasu shafuka sai ga Ɗan Bargo a sararin sama, ƙirji a buɗe, yana dariya.

"Wannan fa?"

"Shi ne, Goggo."

"Wanda muka binne yanzun nan?"

"Wannan kafin ya mutu ne, Inna Tsohuwa," in ji Abdulsalami, wanda ya kutso gaba idonsa jajur yana kallon gefen da aka yanke. "Ya kifa jerin ne. Amma ko a daidai ma haka yake, yana yawan mutuwa. In an kwana biyu sai a dawo da shi."

Tsohuwa ta sauke mayafin daga ido. "Wato hawayena na banza na zubar? Mutumin da mutuwa ba ta riƙe shi, don me zan ji tsoro in an ɗaure shi a layin dogo? A ɗaure shi mana, har jirgin ya bi ta kansa ya dawo."

Gumi ya fara karyo wa Badamasi. Ya riƙa juya shafuka da sauri. Ga Ɗan Bargo da haɓa kamar bulo, a shafi na gaba ga shi siriri da dogon hanci, don wani mai zanen ne daban.

"Ya rame," in ji Tsohuwa.

"Azumi yake."

"Nan kuma ƙyallen ya koma baƙi."

"Na wanki ya ba da, wannan na aro ne."

"To nan ai mace ce!"

Badamasi ya ƙura wa shafin ido. Mace ce kam, da dogon gashi, tana riƙe da jirgin sama. "Matarsa ce. Ta karɓe shi aiki ya ɗan huta."

"Kamar gidanka ke nan," in ji Rakiyatu. Matan katanga suka kwashe da shewa.

Sai aka zo wani wuri da ya so ya yi daɗi. Wani mugu mai rufaffiyar fuska ya ritsa Ɗan Bargo a saman bene, ya kai hannu zai cire abin fuskarsa. Wuri ya yi tsit. Har Tsohuwa ta matso. Badamasi ya kafa amsa-kuwa a baki ya karanta da ƙarfi: "Ya ce, yau za ka san ko ni wane ne. Ni ne..."

Ya tsaya.

"Shi ne wa?"

Wuƙa ta bi ta kan maganar, ta tafi da sunan da rabin kan mugun.

"Shi ne wa, Badamasi?"

"Sauran yana bola, Inna," in ji Sali a hankali. "Ni na share shi da ɓawon albasa."

"Ku bar wannan!" Badamasi ya ɗaga hannu. "Ga babban faɗa nan tafe, wanda ya girgiza duniya."

Faɗan kuwa zane ne babba da ya cinye shafi biyu, kuma daidai tsakiyarsa zaren kamun kifi ya bi. Ta nan ana ganin ƙafa, ta can ana ganin dunƙulen hannu, amma wanda ya naushi wani yana can cikin ɗinki. Shafi na gaba koko ya manne shi da ɗan'uwansa. Ya sa farce ya ɓanɓare, sai ga wani ƙaton kyankyaso ya fito ya bi hannun kwat. Badamasi ya yi tsalle ya kurma ihu cikin amsa-kuwa, har awakin maƙwabta suka amsa. Da ƙura ta lafa aka duba shafin, babu faɗa babu dalilinsa, sai wani ɗan rubutu a ƙasa. Abdulsalami ya leƙa ya fassara cikin takaici. Wai mai son ganin yadda faɗan ya kaya, ya nemi littafin wani jarumin daban.

"Wani daban?" in ji Tsohuwa. "Wato an gayyace ni biki, na yi wanka na zo, sai a ce mini tuwon yana wata unguwa?"

"Ga wani faɗan, Goggo, wannan cikakke ne!" Ya yi sauri ya buɗe gaba. Wannan karon babu yanka babu manni. Jarumi mai ƙyalle yana dambe da wani ƙaton dodo mai fukafukai da dogon baki kamar mashi. Badamasi ya samu ƙarfin gwiwa, ya miƙe tsaye yana kwaikwayon naushi, labule na kaɗawa. "Ya kai masa! Ya kayar da shi! Sannan ya juyo ga jama'a ya ce..." Ya bi rubutun da yatsa. "Ya ce, mata masu juna biyu... su riƙa kwana... a cikin gidan sauro."

"Wannan ai ta asibiti ce!" wata mata ta ƙwala daga katanga. "An ba ni irinta ranar awo!"

Wani ɗan dako ya faɗo daga benci don dariya. Mai shayi ya riƙe ciki yana roƙon a taimaka a dakata. Ni kaina sai da na jingina da bango.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Na yafe farkon, tunda ka ba ni guda biyu kuma babu na kirki. Na yafe tsakiyar. Kai ni ƙarshe."

Badamasi ya duba dama, jirgi. Ya duba hagu, maƙabarta. Ya shiga laluben tsakiya, babu lamba babu bango, ko'ina kama da ko'ina.

"Bayan jana'izar ne," in ji Abdulsalami da murya ƙasa-ƙasa. "Inda murfin akwatin ya ɗaga, hannu ya leƙo. A ƙasa an rubuta a jira na gaba. Nan nawa suka tsaya. Tun ina lekol nake neman na gaban ban samu ba. Na gaya maka, Direkta. Ka ce giɓi aikinka ne."

"Yana ciki! Wallahi na ga wani abu kamarsa!" Ya dafa kundin a ƙasa, ya sa gwiwa a ɓangare ɗaya, ya kama ɗayan da hannu biyu ya banƙare iya ƙarfinsa. Zaren ya ce ɗas. Daidai lokacin iskar hadari ta taso. Takardu suka tashi sama fiye da yadda Ɗan Bargo ya taɓa tashi, suka watsu a kan rufi da kan mutane, mafi yawa suka sauka a kwata.

Abdulsalami ya ruga. Ya durƙusa a bakin kwatar yana tsamo su ɗaya-ɗaya, baƙin ruwa na ɗiga daga jikinsu. Dariya ta ɗauke, don abin ya ba kowa tausayi. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi Badamasi, sai ya zubar ya yi kukan kura ya cafki labulen ta baya ya murɗe. Da kyar Sali da 'yan dako biyu suka ɓanɓare shi, idon Direkta ya firfito.

"Ku sake shi ya yi numfashi," in ji Tsohuwa. "Bai sallame ni ba. Badamasi, takarda ta tafi, amma bakinka yana nan. Ai ka karanta kafin ka ɗinke. Yaya aka ƙare?"

Ya haɗiye yawu ya gyara wuya. Ko a nan bai saduda ba. "Ƙarshen ai sananne ne, Goggo. Ya fito daga akwatin, ya tuba, ya bar yawon sama. Ya sa wandonsa a kan kamfai kamar kowa. Yanzu haka yana da shagon atamfa a Mboppi."

"Wane layi?" in ji wani ɗan dako. "Mu je mu yi masa sauke."

"Ƙarya yake, Inna Tsohuwa!" Abdulsalami yana fizge-fizge a hannun Sali. "Ko shafi ɗaya bai karanta ba!"

Ɗigon ruwa ya fara sauka. Tsohuwa ta kai hannu bakin zaninta ta fara kwance ƙulli. Badamasi ya ga mabuɗi ya fito, ya zube gabanta, labule ya jiƙe ya manne masa a baya.

"Goggo, ki tsaya ki fahimta. Haka tsarin yake ko a Turai. Wannan kundi na farko ne. Ainihin ƙarshen yana cikin na biyu."

"To madalla," in ji Tsohuwa. "Ɗakinka ma yana cikin na biyu."

Ta miƙa wa Rakiyatu mabuɗin ta saman kansa. Ruwa ya ɓarke, jama'a suka watse da gudu. Badamasi ya yi wuf ya haye dakalin ya raɓe a bakin ƙofa don ya fake. Rakiyatu ta buɗe ɗakin, ta leƙa ciki, ta auna bakin ƙofar da ido.

"Matsa, Direkta," ta ce. "Kana tsaye a inda murhu zai zauna."